Luguden Bambeye a Kaset

Kakarmu Talle a Bambeye ta tsufa, inda luguden mata da waƙar daka a bayan danga suke kawo mata barcin rana. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye ƙafafunta suka gaza, ɗanta Isufu ya ɗauko ta zuwa Tahoua. Nan kuwa inji ake kai hatsi. Barci ya ƙaurace mata, ta rame, ta ce a maida ita ƙauye ko da babu mai kula da ita.

Isufu ya sa mata kaset ɗin goge, ta ce wannan na masu rawa ne. Sai ya tafi Bambeye da rediyonsa, ya naɗo luguden, matan suna yi masa dariya.

Ya kunna mata bayan azahar, ta kasa kunne.

"Raƙiya ce wannan, matar ƙanena," in ji ta. "Har yanzu taɓaryarta a makare take sauka."

"In kashe, Inna?"

"Bar shi, in ji ko za ta gyara."

Raƙiya ba ta gyara ba. Kafin kaset ya ƙare kaka ta yi barci, kuma ba ta sake zancen komawa ba.