Maharazu da Wasiƙun Kakana

Na Allah muke, kuma wajensa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, 2025, Hamisu direbana ya shigo falo ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Maharazu mai gyaran kwamfuta rasuwa." Bayan azahar muka yi maka salla a ƙofar gidanku a Gawuna, muka kai ka makwancinka. Shekararka arba'in da uku. Ni ina da saba'in da ɗaya, kuma kai ne mutum na biyar da na raka a daminar nan. Na gaji, Maharazu. Gwiwoyina sun gaji da zaman makoki. Amma ba zan iya barin naka ya wuce ban rubuta komai ba.

Shekara tara ke nan da aka haɗa mu, lokacin da na yi ritaya daga koyarwa na ɗauko aikin da na daɗe ina ɗagawa. Kakana, Malam Abdulbaqi, ya yi fataucin goro, kuma ya bar wasiƙu fiye da ɗari biyu da ajami a cikin wata tsohuwar adaka. Niyyata in mayar da su boko saboda jikokinmu da ba su iya karanta ajami ba. Na kira ka ne kawai ka koya mini buga rubutu. Da ka ga yadda takardun ke ɓarɓashewa a hannu, sai ka ce a fara ɗaukar hoton kowace ɗaya a zuba a kwamfuta. Asabar goma sha ɗaya kana zuwa gidan nan kana yi, ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara biyu, ina Umara, rufin ɗakin karatuna ya yi yoyo a daidai kan adakar. Na dawo na tarar tawada ta narke, takardu sun manne sun yi funfuna. Tun daga ranar, rubutun hannun kakana bai rage ko'ina ba sai a cikin kwamfutar nan.

Shi ya sa ka kawo mini wani ɗan baƙin faifai, bai fi tafin hannu ba. Ka ce duk Juma'a in an sauko daga masallaci in jona shi, zai kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar ya ajiye. Na ce, "Maharazu, ni da ko maganin hawan jini sai uwargidana Hajiya ta tuna mini?" Ka ce kai za ka riƙa tuna mini. Haka kuwa aka yi. Duk Juma'a sai saƙonka ya shigo wayata: "Baba, an jona?" In amsa, "An jona." Yau ina faɗa a gaban jama'a cewa ba kullum amsar nan take gaskiya ba.

Wata Litinin cikin watan Mayun bana, kwamfutar ta nemi in ba ta izini ta sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Na danna na tafi karin kumallo. Ana tsakiyar aikin wuta ta ɗauke, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Da aka tayar da janareta na kunna ta, sai allo ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi har na daina ƙirgawa. Na zauna ina kallonta. Na kira ka ina magana ba kan gado. Ka ce, "Baba, kashe ta, kar ka ƙara taɓa komai. Ga ni nan."

Na san kana fama da ciwon ƙoda. Abin da ban sani ba shi ne a safiyar nan ka fito daga wankin ƙoda. Sai da ka sauko daga adaidaita sahu na ga filasta a damtsenka, na ga ka huta sau biyu tsakanin ƙofar gida da baranda. Na ce ka koma, gobe ma rana ce. Ka ce in ka koma ba zan yi barci ba, kai ma ba za ka yi ba.

Ka fara gwada sa ta ta warware sabuntawar ta koma yadda take jiya, ta ƙi. Ka ciro filash daga aljihu ka tayar da ita da shi, ka leƙa cikinta. Fayil da yawa sun lalace, har da inda hotunan wasiƙun suke. Sai ka juyo ka dube ni.

"Baba, yaushe rabonka da jona faifan? Gaskiya nake so, ba amsar Juma'a ba."

Na ce, "Mako bakwai."

Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce kawai, "To, ɗauko shi."

Ka share kwamfutar kaf, ka zuba mata manhajar sabuwa, sannan ka jona faifan. Wani ɗan layi ya fito a allo yana tafiya kamar ba zai kai ba. Hajiya ta kawo maka ruwan sanyi, ka kurɓa sau ɗaya ka ajiye, ka ce likita ya ƙayyade maka abin da za ka sha a yini. Ka yi sallar azahar a zaune. Ka jingina da kujera barci ya ɗauke ka, ni kuma ina tsakanin kallon layin nan da kallon ƙafafunka da suka kumbura. Kunya ta rufe ni.

Ana kiran la'asar layin ya cika. Ka buɗe, sai ga wasiƙa ta farko, wadda kakana ya aiko wa mahaifiyarsa yana ce mata ya isa lafiya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, babu wadda ta ɓata. Abin da ya tafi shi ne aikina na mako bakwai, wasiƙu goma sha tara da na riga na mayar boko. Ka ce, "Wannan kuma ba ni da dabararsa, Baba. Sai ka sake." Kafin ka tafi ka rubuta mini a takarda ka manna a bango: kar in ƙara yarda ta sabunta komai sai na fara jona faifan.

Na sake sha ɗaya daga cikin sha taran. Idona ba ya jure allo kamar da. Da ka kwanta a asibiti sau ɗaya na je duba ka, kullum ina cewa sai jikina ya ɗan yi ƙarfi. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Ba ni kaɗai ba ne. A wajen zaman makoki, Habibu maigadin maƙwabcina ya ba ni labarin yadda ka ciro masa muryar mahaifiyarsa marigayiya daga wayar da ta faɗa rijiya. Matarka, Malama Hasiya, ta aiko a sanar cewa a shagonka na Kawaji akwai durowa cike da faifai da filash na mutane, kowanne ka rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa. A makon da za ka kwanta ka zauna ka yi wannan. Duk mai ajiya ya je ya karɓa bayan sadakar bakwai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Gwaggo Uwani, da Malama Hasiya, da 'ya'yanka Usaid da Salwa. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari, ya tsaya musu. Allah ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Allah ya jiƙanka, Maharazu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Alhaji Zakari Anas Abdulbaqi
Nassarawa GRA, Kano