Tsinken Inna a Birnin Zaitun

Alƙahira

Ana idar da sallar asuba na saɓa jakata. A bakin ƙofa matata Zainab ta miƙo mini tsinken tsintsiya, an ɗaure kansa da jan zare. Ta ce, "Awon ƙafar Inna ne, tana barci na auna. Ka ga Sallah ta matso."

Inna surukata ce, ta zo daga Katsina jinyar ido, ta sauka a gidanmu. Ni da ita ko ido ba ma haɗawa, balle in san lambar takalminta. Wannan ne karo na farko da zan yi mata tsaraba, na ci alwashin fita kunya.

Mai tasi ya ratsa da ni Wustul Balad, tsakiyar birni, yana dariya. "China za ka, ya basha? Ai China ta riga ta zo nan, har fitilar azuminmu su ke yi. Yalla, Allah ya kiyaye."

Quanzhou

Jirgi ya sauke mu a Guangzhou, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ni Quanzhou, tsohuwar tashar ruwan da Larabawa ke kira Zaitun. Mai masaukina Lin, dillalin takalma ne mai jin Larabci. Ya zaga da ni tsohon masallacin dutse, ya ce ta nan Larabawa suka riƙa shigo da turare, su fita da siliki da tangaran.

A gidansa aka dasa shan shayi a kofuna kamar murfin kwalba. Na zaro tsinken don Lin ya ga awon, na ajiye shi a kan tebur da hannu biyu saboda darajar mai ƙafar. Mahaifiyar Lin ta ɗauka ita ma da hannu biyu, ta rusuna, ta shige ciki. Can sai hayaƙi ya biyo ƙofa.

Lin ya ce, "Mama na godiya. Ta ce turaren Masar bai kai yadda kakanni ke ba da labari ba, amma ta kunna shi duka don girmama ka."

Na ja waya in kira Zainab ta sake awo, ashe manhajar da muke kira da ita ba ta aiki a ƙasar.

Kasuwa

A rumbun kayan fita waje akwai takalma masu manyan lambobi, amma sai ka ɗauki kwantena. Kasuwar 'yan gida kuwa ana sayar da ɗai-ɗai, sai dai ƙafafunsu kamar na 'yan firamare. Na tsaya ina ƙoƙarin tuno ƙafar da ban taɓa yarda na kalla ba. Na zaɓi mafi girma, na yi bisimilla.

Dawowa

Ranar Idi na leƙa ta taga. Ga Inna tafe da takalmin da na kawo, rabin dunduniyarta a waje, tana takawa a hankali kamar mai tsallake ruwa. Kunya ta sa na kasa fita.

Da yamma na ce wa Zainab, "Don Allah ki karɓe shi, gobe in nemo wani a nan."

Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, na gwada, ta hana. Ta ce in gaya maka, tun da Baba ya rasu ba wanda ya tuna tana da ƙafa sai kai."

Idona ya kawo ruwa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Inna kuwa da takalmin a ƙafa ta hau jirgin Katsina.