Mushe Garba ya tafi, saura kwana biyu

Da safen nan labari ya same ni: Mushe Garba ya rasu.

Mushe muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko. Shi ya koyar da ni a Gaya farkon samun 'yancin kai, lokacin da duk wanda ya yi Hausa ko Dandanci a aji maimakon Faransanci sai a rataya masa ƙashi a wuya. Na sha ƙashin nan har na daina magana gaba ɗaya. Darekta ya ce yarinyar nan ba ta da kai, a mayar da ita garinsu Bana.

Mushe ya gauraya gero da dawa da shinkafa a faifai, ya ajiye gabana. Na ware su kashi uku, na fitar da tsakuwa gefe. Ya dubi darekta ya ce, "Wanda ba ya tunani ba ya rarrabewa. Kalma ce ba ta da ita, kai yana nan."

Daga baya ya koma koyar da sabbin malamai ilimin halayyar ɗan Adam. Kullum darasinsa na farko shi ne: tunani daban, magana daban.

Bara maigidana Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Yana so ya ce ruwa, sai wata kalma ta fito, ya yi ta kuka. Ƙannensa suka ce hankalinsa ya gushe.

Makon jiya Mushe ya zo da sandarsa, da ƙyar yake tafiya. Ya ce, "Rabi, ɗauko faifai." Ya gauraya irin shinkafa kala uku. Alhaji, manomin shekara arba'in, ya ware su da hannun hagu, ya ture marar kyau, ya harari Mushe saboda ya cakuɗa masa iri. Ran nan na yi dariya da hawaye.

Daga ni sai Mushe muka gani.

Jibi Juma'a ƙannen Alhaji za su zo su kai shi gidan mai magani a ƙauye, inda ake ɗaure masu taɓin hankali a turke. Ni ba sa jin maganata. Nauyin Mushe suke ji. Ya ce min, "Kada ki damu, ɗiyata, zan zo in nuna musu da idonsu."

Wallahi tsoro nake ji. Alhaji yana fahimtar duk abin da ake faɗa a kansa, sai dai ba ya iya cewa a'a.

Na riga na gauraya shinkafar. Ni zan ajiye faifan da kaina gaban Alhaji, ƙannensa suna kallo.

Allah Ya gafarta wa Mushe, Ya sauƙaƙa masa amsa tambayar kabari, shi da ya tsaya wa marasa baki. Don Allah ku yi masa addu'a, ku haɗa da Alhaji, Allah Ya sa hannunsa kada ya yi rawa ran Juma'a.