Gwangwanin Yaya Isuhu da man raƙuman Agali

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Isuhu direba, Allah ya jiƙansa. Da can ba mai jin labarinsa daga bakina sai wanda muka zauna tabarma ɗaya. Yanzu da hannuna ya fara sabawa da alƙalami a ajin yaƙi da jahilci, na ce bari in rubuta da kaina. Sannu ba ta hana zuwa.

Yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Belbeji, Gangara da Tanut. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Injinta ya tsufa, yana fitar da hayaƙi haɗe da mai ta wani ɗan bututu, man ya jiƙa inji, rairayi ya manne. Sai Yaya ya sami gwangwanin madara, ya huda murfinsa wuri biyu, ya cusa soson ƙarfe a ciki. Ya ja tiyo daga bututun zuwa huda ɗaya, ya bar ɗayar don iska ta fita, ya ɗaure gwangwanin da waya. Hayaƙi ya wuce, mai ya zauna. Abokan aikinsa a tasha sukan ce Isuhu ya yi wa motarsa kaskon tofi.

Idan gwangwani ya cika, yakan juye a wani bido, wato jarka, ya tara wa Agali, makiyayin da ke shafa wa raƙumansa baƙin mai saboda ƙazuwa. Doka ɗaya gare shi: wannan man ba ya komawa inji, don da ruwa da datti a ciki. Yakan ce abin da ciki ya amayar ba a mayar masa.

A shekarar fari na farko, da ruwan sama ya ƙi zuwa, matata Dije ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauyenmu bayan Gangara. Ungozomarmu, Inna Kande, ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai likita a Tanut. Yaya ya sauke buhunan mutane a ƙasa, muka shimfiɗa Dije a baya, Inna Kande ta zauna kusa da ita. A lokacin nan ba a samun man inji a ƙauye ko na magani, muka tashi da abin da ke ciki.

Rana ta take, rairayi ya yi laushi, mota na nishi. Can cikin daji, inda ba gari ba rijiya, sai mushen shanu, na ga Yaya yana yawan kallon allurar man inji. Ya kashe mota. Ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Busasshiya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Dije ma ta daina kuka, kuma wannan ya fi kukan ba ni tsoro. Inna Kande ta leƙo.

"Isuhu, me muka tsaya yi? Yarinyar nan ba ta da lokacin gyaran mota."

Yaya ya tsaya yana kallon bidon Agali da ke cikin motar. Na san abin da yake aunawa, ban iya roƙonsa ba, don na san bakuna nawa motar nan ke ciyarwa.

Na ce, "Yaya, in an zuba zai kai mu?"

"Tanut dai wataƙila. Bayan nan Allah ya sani. Riƙe mini nan, Habu, kada hannunka ya yi rawa."

Ya kwance rawaninsa, ya ninka, na riƙe shi a bakin inji. Ya tsiyaya man a hankali, yana tsayawa kafin ruwan da ya kwanta a gindin bido ya biyo. Ya cire gwangwani ma ya tace ɗan abin da ke ciki. Rawanin ya yi baƙi, tsakuwar rairayi na kwance a kansa. Wadda ta wuce, ba mu gan ta ba.

Ya yi bismilla ya tayar. Allura ta ɗaga kaɗan. Duk hanya ni ina sauraron numfashin Dije, shi yana sauraron inji. Da gidajen Tanut suka bayyana, wata ƙara ta fara a ciki kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Bai tsaya ba sai ƙofar likita. Kafin magariba aka haifi Zainabu, ita da uwarta lafiya. Injin kuwa bai sake tashi ba.

Sauran shekarunsa motar wani ya tuƙa. Ko sau ɗaya bai ambaci tasa a gabana ba. Ranar suna, da Agali ya tambayi mansa, Yaya ya nuna masa jaririya ya ce, "Ga shi nan, raƙumanka su yi haƙuri."

Yau an zuba kwalta daga Damagaram zuwa Tanut, kuma yaran tasha sun ce sababbin motoci suna haɗiye hayaƙinsu da kansu. Da yana raye zai buɗe gaba ya bi tiyon da yatsa, ya girgiza kai. Amma hanyar ƙauyenmu tana nan yadda ya bar ta, fari na biyu ma ya zo ya wuce a kanta, mata kuma ba su daina naƙuda ba. Nakan tambayi kaina, direba nawa ne yau zai kwance rawaninsa? Ban sani ba. Ba na zargin kowa, wanda bai tsaya a wurin ba bai san nauyin bidon nan ba.

Motar ta ruɓe a bayan tasha, maƙera sun kwashe abin da za su kwasa. Gwangwanin yana ɗakina, a ciki nake ajiye allina. Zainabu ce ke duba mini wannan rubutu, tana gyara inda na karkace. Da ta zo wurin rawanin sai ta ajiye takardar, ta ɗauko gwangwanin ta shinshina. Ta ce, "Baba, har yanzu yana warin mai."