Garin da Na Rushe Don In Ci Ƙanena

Shekarun baya, damina biyu bayan rasuwar malam maigidana, shekarar da aka canja kuɗi mutane suka yi ta wuni bakin banki, jikana ya samu aikin koyarwa nan Tambuwal, ya dawo gidana da zama. Kayansa akwati guda ne da wata tsohuwar kwamfuta irin ta ɗorawa bisa cinya, wadda sai an jingina murfinta da turmi take tsayawa.

Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma gindin bedi ya buɗe ta, in ji shi yana ta tsaki. Rannan na leƙa. Ashe wasa ne: a ba ka fili da 'yan mutane, ka kafa gari, ka yi noma, ka tsare shi daga mahara. Shi kuwa angon nawa, haka nika ce mishi tun yana goye, da an ba shi mutane sai ya mai da su sojoji duka. Rumbu ko ɗaya babu. Fari na zuwa sai su zube kamar kajin da ciwo ya shiga.

Na ce mishi ni ban san baƙin boko ba, amma na san yunwa, na gan ta da idona. Ya ce to amarya, ga wuri. Daga ranar ni ke faɗi, shi ke latsawa. Wata bakwai muka yi muna ginin garin nan. Rumbu fuɗu gabas, rijiya tsakiya, kasuwa bakin ƙofa, sannan ganuwa. Ba a taɓa kwana da yunwa a garina ba, ku rubuta wannan.

To ina da ƙane a Fakku, can ƙasar Kebbe. Mahaifinmu ya koya muna dara tare cikin gida, tun muna 'yan ƙanana, kuma tun ranar da yaron nan ya gane wasan ban ƙara cin shi ba. Har muka yi furfura. Da labarin garina ya kai mishi sai ya aiko, wai a gai da Yaya, ya ji dara ta gagare ta ta koma wasan yara. Na haɗiye, amma ban mance ba.

Ana nan sai jikana ya ce an fito da sabon wasan, wanda mutum biyu ke yi karɓa-karɓa, kowa da garinsa. Sai dai da tsada. Na ce ya dakata. Ni da na tashi cikin awon hatsi, na san ba a sayen gero da bazara, kaka ake jira. Ya ce wannan ba gero ba ne. Na ce duk abin da ke da kasuwa yana da kaka. Aikuwa shekara na zuwa ƙarshe masu abin suka karya farashi warwas, ya saye. Ranar babu gidan da ban shiga ba a unguwa ina ba da labarin hangen nesana. Na kuma ba direban motar Kebbe saƙo: a ce da ƙanena ya zo ranar kasuwa in yana jin shi namiji ne.

Sai da saƙo ya tafi muka buɗe wasan. Ya ƙi tashi. Wani ɗan rubutu ke fitowa, jikana ya karanta ya dafe kai. Na san lokacin saye, ban auna bakin rumbun da za a zuba ba.

Na yafa mayafi na bi shi har wurin mai gyara kusa da tasha. Mutumin kirki, ya ba ni kujera, ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce kwamfuta tana da abin da komai ke zama bisansa, kamar daɓen ɗaki. Namu tsohon daɓe ne, sabon wasa ba ya zama kansa. Zai iya fasawa ya zuba sabo, amma tsohon wasan kuma ba ya zama kan sabon. Wato ko garina, ko ƙanena.

Na tambaya ko ana iya kwashe hatsin a kai sabon wuri. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni haƙuri. Na sa aka buɗe mini garin. Na zaga shi ƙofa-ƙofa, na tsaya wurin rumbunan nan fuɗu, cike maƙil. Kunya ce kawai ta hana ni hawaye gaban ɗan mutane. Sai na tuna mahaifiyata lokacin da fari ya tashe mu daga ƙauye. Gado da tukwane duk ta bari, damin iri guda ta ɗora a kai.

Na ce, "Ɗana, fasa daɓen. Irin na nan wurina."

Ranar kasuwa ƙanena ya iso da sandarsa, yana shigowa yana cewa, "Yaya, ina abin wasan naki? In gama da ke in samu motar azahar." Jikana ya zauna tsakaninmu yana latsa wa kowa. Kwamfutar na tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi, amma tana tafiya.

Yadda yake dara haka ya yi: hari tun farko. Dawaki, masu baka, masu mashi. Ni ina ta haƙa rijiya ina ɗora rumbu, yana cewa ashe shara da daka na zo yi. Sau biyu ya zo bakin ganuwata, har ya ƙone mini gona guda. Sai fari ya sauka. Sojojinsa suka fara zubewa, talakawansa suka riƙa sulalewa suna shigowa garina da ƙafarsu. Motar azahar ta tafi, ta la'asar ta bi ta. Ya cire hula ya fifita, ya dubi garinsa da ya rage kango.

Ya ce, "Yaya, wanga ba yaƙi ba ne. Ciyar da su kika yi."

Na ce, "To mi kaka so in yi da baƙi?"

Har yau in na tuna tsohon garina nakan ji wani abu a ƙirji, don sabon bai taɓa yi mini kyau kamarsa ba. Amma da za a sake, sai na sake fasawa.

Mai gyaran ya koma Sakkwato. Direban da ya kai saƙo Allah ya yi mishi rasuwa, Allah ya jiƙan shi. Kwamfutar ma ta mutu, tana ƙarƙashin gadona, na hana a yar. Jikana na nan da ɗiyansa biyu. Ƙanena na nan Fakku da ransa, yana faɗa wa duk mai saurare cewa jikana ne ya latsa mishi ba daidai ba. Ni ma ina nan, kuma ranar kasuwa ba ta ƙare ba.