Ranar da Na Yi Ciniki da Karen Maigidana

Shekarun baya, lokacin maigidana yana raye, muna da wani baƙin kare a gidanmu na Federal Low-Cost, ana ce masa Duna. Ni ban yi makaranta ba, 'yata ce take rubuta wannan a wayarta ina faɗa mata. Na gaya mata in ta ga na tsaya ina share ido, ta jira ni, kada ta cike min da nata.

Karen ba nawa ba ne. Maigida ne ya kawo shi daga ƙauyenmu ta wajen Kaltungo, a cikin kwali, shekarar da ya yi ritaya daga aikin tuƙi. Ni aikina da shi biyu ne kacal: in zuba masa ƙanzo, in kore shi daga bakin kicin. Ko sunansa ban taɓa kira ba. "Kai!" kawai nake ce masa, shi ma ya san da wa nake.

Duna ba ya cizo, amma ɓarawo ne na ƙarshe. Duk abin da ya gani a ƙasa nasa ne: muciya, soson wanka, safa, marfin tukunya. Ya ɗauka ya tsaya daga nesa yana kallonki yana kaɗa wutsiya. Ni kuwa in sunkuci tsintsiya in bi shi, mu yi ta zagaya bishiyar mangwaron tsakar gida, tsohuwa da kare, zani yana kwancewa. Wata rana na ritsa shi a lungun bayan gida da ledar da aka ƙunso nama a bakinsa. Da ya ga ba hanya, sai ya dube ni ya haɗiye ta gaba ɗaya. Kwana biyu muna zuba ido kafin ta fito.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ranar da maƙwabciyarmu ta yi sallama da silifas ɗaya a kan tsinken itace. Bafulatana ce, mun daɗe muna zaman lafiya, ita take aiko min da nono, ni in aika mata da shinkafar Kirsimeti. Duna ya sulale ta ƙarƙashin ƙofa ya ɗauke takalmin mijinta a inda yake alwala.

"Maƙwabciya, ba faɗa na zo yi ba," in ji ta. "Amma kin san mu da yawun kare. Alhaji da ƙafa ɗaya ya tsaya kamar zalɓe, ana ta kiran salla."

Ta yi dariya, ni ma na yi, amma da ta tafi na ce wa maigida ko dai karen nan ya koma ƙauye, ko in samo masa sanda mai kyau.

A lokacin hawan jini ya riga ya kayar da maigida. Hannun dama da ƙafar dama sun yi nauyi, wuni yake a kan kujera a baranda. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi daga Gombe zuwa ko'ina, ga shi ba ya iya bin kare taku biyu. Ya dubi Duna, sai ya ce in saya masa ƙuli-ƙuli.

"Ƙuli-ƙulin me? Likita ya hana ka mai da gishiri."

"Ba ni zan ci ba, Maman yara. Ciniki zan yi."

"Da kare?"

"Ke in kina tafiya a kasuwa wani ya kama jakarki ya ja, za ki saki?"

Na ce sai dai hannuna ya tsinke.

"To, amma kullum da kanki kike buɗe ta, don mai tumatir ya miƙo miki tumatir. Shi ma haka ne. Ba wanda ya taɓa miƙa masa komai, ja kawai ake yi."

Na ce lallai ciwon nan ya taɓa wani wuri ban da hannu. Amma na sayo.

Da totuwar masara ya fara, abin da Duna bai damu da shi sosai ba. Ya jefa masa, kare ya ɗauka. Sai ya gutsuro ƙuli-ƙuli da hannun hagu ya kai kusa da hancinsa. Kare ba ya iya riƙe totuwa ya ci ƙuli-ƙuli a lokaci ɗaya, dole ya buɗe baki. Totuwa na faɗuwa maigida zai ce, "Saki," a hankali, kamar yana gaida mutum, sannan ya ba shi ladansa. Abin da ya fi ɗaure min kai, bayan ya biya shi, sai ya sake tura masa totuwar da ƙafa.

"To meye amfanin?" na ce. "Ka saya kuma ka mayar?"

"Don ya san in ya saki bai yi asara ba. Ya ci ƙuli-ƙuli, ga kayansa sun dawo. Gobe da gudu zai saki."

Kullum da la'asar suke yi, kaɗan, kafin kare ya gaji. Bayan wani lokaci maigida ya daina nuna ƙuli-ƙulin. Ya bar shi a aljihun rigarsa, ya faɗi kalmar tukuna, in kare ya saki sannan hannu ya shiga aljihu. Daga totuwa suka koma tsumma, daga tsumma zuwa wani tsohon silifas na maigida, har suka kai ƙashi. Ranar ƙashi ya aiki 'yata ta sayo tsire. Ya ce kaya mai tsada ba a sayensa da kuɗin totuwa. Na ce ni da na yi shekaru ina masa tuwo ban ga tsiren la'asar ba. Ya gutsuro min yanka ɗaya ya ce, "To ke ma saki muciyar." Har yau in na tuna sai na yi dariya, sai kuma dariyar ta juye.

Dokokinsa ba su da yawa, kuma ni ce mai karya su. Ba a bin kare da gudu in yana riƙe da abu. Ba a ja. Ba a ɗaga murya. Kuma in ka ce "saki" ya saki, sai ka biya, ko da me ke hannunka. Duna bai daina ɗauke-ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya zama in ya ɗauko abu sai ya kawo shi baranda ya tsaya yana jiran mai saye. Takalmin Alhaji bai sake ɓata ba. Ni dai daga bakin kicin nake kallo, ban taɓa gwadawa da bakina ba. Ina ganin wasan marar lafiya ne.

Da ciwon ya dawo bai ba mu lokaci ba. A asibiti, maganarsa ta riga ta yi nauyi, ya kama hannuna ya ce, "Duna fa. Kada ku bayar da shi." Na ce masa ya bar zancen kare, ya ji da kansa. Ban san ita ce kusan magana ta ƙarshe ba.

Jira ni kaɗan, 'yata.

To. Mun kai gawar maigida ƙauye muka binne, muka dawo Gombe zaman makoki. Kun san yadda ake yi. Matan zumunta na coci suna zuwa rukuni-rukuni su yi waƙa su yi addu'a, 'yan uwa suna kawo masara, shinkafa, wake, duk aka tara a sito. Hatsi ya yi yawa, ɓeraye suka samu gida. Ƙanwar maigida, wadda ta zo daga ƙauye take riƙe da girkin baƙi, mace mai zafin nama, ta sayo maganin ɓera ta cusa a kan busasshen kifi ta ajiye bayan buhuna. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma ban ga laifinta ba, gidan ya cika, kan kowa ya ɗauki zafi.

Duna kuwa tun da muka dawo bai ci abin kirki ba. Yana kwance ƙarƙashin kujerar baranda, ƙasusuwan haƙarƙarinsa sun fito. Ni ina zaune a tabarma a falo, rigar maigida ta zaman gida tana kan cinyata. Tun daga asibiti ban bari an wanke ta ba.

Da hantsi sai na ji ihun ƙanwar maigida daga tsakar gida.

"Wayyo! Ya ɗauki kifin! Akwai magani a ciki! Ku tare shi!"

Na fito da rigar a hannu. Wani ya bar ƙofar sito a buɗe. Ga Duna a gindin mangwaro da kan kifi a baki, bai tauna ba tukuna, yana juya ido. Ƙanwar maigida ta ɗauko taɓarya, wata ta ɗauko tsintsiya, maza biyu daga cikin masu gaisuwa suna zagayowa ta baya. Ya ja da baya har ya jingina da bango. Na san wannan tsayuwar. Irinta ya yi min ranar leda.

Ban san inda muryar ta fito ba. Na ce, "Kowa ya zauna!"

"Yaya, zai haɗiye!"

"In kika ƙara taku ɗaya zai haɗiye. Ajiye taɓaryar. Ku zauna, na roƙe ku."

Ba a musu da matar mamaci a gidan makoki. Suka zazzauna, wasu a dakali, wasu a ƙasa, wata dattijuwa tana ta "Yesu, Yesu" a ƙasan maƙoshi. Na je na zauna a kujerar maigida, wadda ba wanda ya zauna a kai tun da ya bar ta. Ba ni da abin da zan ba shi, sai na tuna da aljihun rigar. Na sa hannu, na ji gutsuren ƙuli-ƙuli, ya yi laushi. Na san ƙuli-ƙuli bai kai kan kifi daraja ba, balle a wurin kare mai yunwa. Amma shi ke nan abin da nake da shi.

"Duna," na ce. Ranar na fara kiran sunansa.

Kunnuwansa suka motsa. Ya dubi kujerar, ya dubi rigar. Ya taho a hankali, kansa a ƙasa, yawu yana zuba ta gefen kifin, har ya tsaya inda ya saba tsayawa. Zuciyata tana ce min in kai hannu in fizge, ga shi nan kusa. Na danne hannuna a cinya.

"Saki."

Ya tsaya kamar yana lissafi. Sannan ya buɗe baki, kan kifin ya faɗo kusa da ƙafata. Na ɗora ƙafa a kai, na ba shi ƙuli-ƙulin.

Sai na ce wa 'yata ta kawo min tukunyar naman da aka dafa wa baƙi. Na zaɓo tsoka mafi girma.

"Yaya! Wannan na Fasto ne da dattawa!" in ji ƙanwar maigida.

"Fasto bai saki komai ba yau," na ce.

Wata ta fashe da dariya, ta tuna inda take, ta rufe baki da gyale. Duna ya cinye naman, abincin kirki na farko da ya ci tun rasuwar. Saura abu ɗaya. A ƙa'idar maigida, sai an mayar masa da kayansa, kifin kuwa ba ya mayuwa. Na leƙa ƙarƙashin kujera, ga tsohon silifas ɗin da suke ciniki da shi. Na tura masa da ƙafa, yadda na sha gani ana yi. Ya ɗauka ya koma ya kwanta. A nan ne kukan da ban yi a ƙauye ba ya zo min, gaban kowa, ban ɓoye ba.

Mun wanke masa baki, ƙanwar maigida ta ɗura masa manja tana ba shi haƙuri da yarenmu, 'yata kuma ta kai shi wurin likitan dabbobi bayan masu keke napep da yawa sun ƙi ɗaukarsu. Ba abin da ya same shi. Da 'yan uwa suka tashi komawa, suka ce za su tafi da shi ƙauye ya rage min wahala, na ce a'a, an bar min shi.

Ya yi shekaru tare da ni bayan haka. Ni na gaji cinikin la'asar, har maƙwabciyata takan leƙo ta ce, "Yau kasuwa ta ci?" Tsufa ne ya ɗauke shi, a ƙarƙashin kujerar nan, muka binne shi a gindin mangwaro da silifas ɗinsa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mai kare, kada ka bi shi da gudu, kada ka ja, ka fara da abin da bai damu da shi ba, kuma in ya saki ka biya shi. Ka koya masa tun ranar da abin da ke bakinsa totuwa ce, domin ranar da zai zama guba ba za ka samu lokacin koyarwa ba. Ni ban koya wa Duna komai ba. Wani ne ya zauna da hannu ɗaya ya yi aikin, ina bakin kicin ina masa dariya, kuma aikin ya tsaya har bayan ransa.

Ina kewarsa, maigidana. Ba na jin kunyar faɗa. Rigar tana nan a akwatina, an wanke ta daga baya, amma aljihun hagu ya riƙe tabon mai. 'Yata ta sha cewa akwai sabulun da zai fitar da shi. Na ce ta bar min.