Birkin Motar Malam Habibu

Na shekara ashirin da wani abu ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a Birnin Kudu, amma ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba a tsakiyar daminar bara waccan, da Malam Habibu ya kira ni a waya daga Farin Dutse. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kuna yawan tambayata dalilin jan ƙyallen da nake ɗaura wa wasu motoci a sitiyari. To, daga ranar nan abin ya samo asali.

Malam Habibu tsohon hedimasta ne, kuma surukina, don ɗansa ke auren 'yata Rabi. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, ita ce kamar motar asibitin unguwarsu gaba ɗaya. Duk wanda ciwo ya kayar, ko mace ta fara naƙuda, ƙofarsa ake bugawa. A lokacin kuwa Rabi ta shiga watan haihuwarta, cikin fari, kuma a wurin awo an ja mata kunne kada ta yarda ta haihu a gida. Idan motar nan ba ta da birki, 'yata ce ba ta da hanyar asibiti.

A waya ya ce mini ya yi wa motar ƙarin birki da hannunsa, amma kwana uku ke nan ya ƙi kamawa. Na ce ƙarin birki kamar yaya? Sai ya ba ni labari. Makonni biyu da suka wuce yana gangarowa da mutum biyar a ciki, shanu suka tsallako titi. Ya taka birki iya ƙarfinsa, motar ba ta tsaya ba sai da hancinta ya dungure wata saniya. Daga nan ya yanke hukunci birkin ya yi wa motar kaɗan. Ya zauna ya kalli bidiyon gyara a wayarsa, ya tafi Kano ya sayo manyan faifan birki da manyan kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse faifan idan an taka. Bai neme ni ba don kada ya ɗora wa suruki wahala.

Na hau babur, kafin azahar ina ƙofar gidansa. Na tarar da motar a ƙarƙashin rumfa, an ɗora gabanta a kan kututture. Notuna kuwa ya jera su a kan tabarma layi-layi kamar 'yan firamare a filin taro, kowanne da lambarsa da alli, ga littafi yana rubuta duk abin da ya kwance. Mai ɗakinsa, Hajiya Talatu, ta aiko mini da fura, ta kuma ce a gaya mini ita ta ajiye aiki. Kwana uku ita ke taka birki yana fitar da iska, har gwiwarta ta kumbura.

Na taka birkin, ya tafi ƙasa luf ba tare da ya riƙe komai ba. Ina leƙa tayar gaba na ga matsalar. Kowace kalifa tana da ɗan ƙaramin noti da ake sassautawa iska ta fita daga cikin man birki, kuma dole ya kasance a sama, tunda iska sama take hawa. Nasa duk biyun suna ƙasa. Ya sa ta dama a hagu, ta hagu a dama. Ko shekara Hajiya za ta yi tana takawa, iskar nan ba inda za ta je.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na yi dariya, na ce masa ya sa wa motar takalmi a juye. Na kuma yi masa doguwar nasiha a kan cewa birki ba abin koyo a waya ba ne, rayukan mutane ne. Mutumin da ya shekara talatin yana yi wa wasu faɗa ya tsaya yana gyaɗa mini kai, har yana rubutawa.

Cikin ƙasa da awa guda na mayar da kowace kalifa gefenta. Saura fitar da iska. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki, wato ta baya. Malam Habibu ya ce ai shi bai taɓa baya ba, bidiyon ma gaba kawai ya nuna. Na ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ya shiga ya taka mini.

Na sassauta notin baya. Ko ɗigo bai fito ba. Na ce ya ƙara takawa. Shiru. Na zagaya ɗaya tayar, ita ma a bushe ƙamas. Na cire gangar tayar, na ga takalman birkin kamar yau aka sa su, sai tsatsa da ƙura. Motar nan ta daɗe ba ta da birkin baya ko kaɗan.

Na bi bututun man da hannu har zuwa mahaɗar da yake rabuwa biyu, ina faɗa tun kafin in kwance. Na ce wane marar tsoron Allah ne ya toshe wa motar ɗaukar marasa lafiya birki? Ina kwancewa wata guntuwar ƙusa ta faɗo tafin hannuna. An goge kanta da zarto, an naɗe ta da baƙin zare zagaye uku. A duk makanikan da na sani, mutum ɗaya ne ke naɗa zare haka.

Malam Habibu ya sunkuyo ya duba, ya ce a hankali, "Malam Sale, in ban da kai babu wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin nan."

Nan take na tuna. Shekara uku da suka wuce tiyon birkin baya ya fashe masa a kusa da Kiyako, ya kira ni. Kun san dabarar da muke yi a bakin hanya: a toshe bututun baya da ƙusa, mai ya daina zuba, birkin gaba ya lallaɓa mota ta kai gida. Dabarar yini ɗaya ce. Na ce masa ya zo gobe in sa sabon tiyo. Kuma ya zo. Ranar gareji a cike yake, na buɗe ƙofar motar na sa ƙafa na taka birkin, na ji ya yi tauri, na ce, "Ya kama, Malam, je ka, zan neme ka." Shi ya ɗauka an gama. Ni kuma na manta.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a cikin laka ba. Shekara uku. Mata nawa ya ɗauka da naƙuda, tsofaffi nawa, sau nawa Rabi ta hau zuwa awo? Ashe birkin motar bai taɓa yin kaɗan ba, rabinsa ne na kashe da hannuna.

Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Tambaya ɗaya ya yi: "Da ban yi wannan shirmen nawa ba, da har yau tana ciki ke nan?"

Na ce, "Tana ciki, Malam."

Sai ya rufe littafinsa ya sa a aljihu.

Na hau babur zuwa Gwaram na samo tiyo. Na sa, na fitar da iska a taya huɗu, na gwada motar a gangaren nan da shanu suka tsallako masa, sau biyar, kafin na yarda na miƙa masa makulli. Kwana tara bayan haka, da hantsi ana ruwa, ya kawo Rabi asibiti a cikinta. Ta sauka lafiya.

Abin da na koya shi ne, kuskuren wanda bai iya ba yakan nuna kansa tun mota ba ta bar rumfa ba. Na gwani ne ke hawa titi da mutane a ciki, don mai mota ya riga ya yarda da shi. Shi ya sa duk motar da na yi wa aikin lallaɓawa nake ɗaura mata jan ƙyalle a sitiyari, kuma ba mai kwance shi sai ni. In ba ta dawo ba washegari, ni nake bin ta har gida. Ƙusar nan kuwa tana cikin akwatin sifanuna da zarenta. Duk wanda a cikinku ya fara jin ya iya, ya zo in nuna masa.